Yadda Wani Gari a Ƙasar Daura Ya Daina Yin Sak

Garin da matsalarsa

Garin da wannan nazari ya shafa yana cikin ɗaya daga ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, wato Daura da Baure da Mai'adua da Sandamu da Zango. Ba za a ambaci sunansa ba, haka kuma ba za a ambaci sunan kowa daga cikin 'yan takarar da suka yi hulɗa da shi ba. Gari ne na manoman gero da dawa da wake da gyaɗa, matasansa kuma sun dogara da acaɓa da ɗan fataucin da ake yi zuwa kasuwannin kan iyakar Nijar, sai kuma ci-rani idan an kammala aikin gona. Yana da rumfunan zaɓe biyu, ɗaya a makarantar firamare, ɗaya a ƙofar gidan dagaci.

Tsakanin garin da titin kwalta akwai hanyar ƙasa mai tsawon kusan kilomita uku, kuma wani kwazazzabo ya ratsa ta a tsakiya. Da rani ba a damuwa da shi, domin babur da amalanke suna gangarawa su haura. Kafin 2024, idan damina ta yi nisa kuwa, musamman a watan Agusta, ruwa yakan cika shi ya yanke hanyar har na tsawon yini ɗaya ko biyu, a-kori-kura ba ta shiga, mai kayan gona ba ya isa kasuwa, kuma mace mai naƙuda sai an ɗora ta a amalanke zuwa bakin ruwa, a jira ya janye ko kuma a nemi majiya ƙarfi su tsallakar da ita. Abin da garin ya daɗe yana nema shi ne kwalbati a wannan mashigi. Akwai kuma rijiyar burtsatse mai amfani da hasken rana da ta lalace, amma ita ce ta biyu a jerin buƙatu.

Ƙuri'ar garin tana bin hannuwa uku. Dattawa da magidanta suna bin sunan Muhammadu Buhari tun lokacin da ya fara tsayawa takara. Matasa suna bin wani jagoran jam'iyya na garin, wanda shi ne yake zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma ya karɓo kuɗin kamfen ya raba. Mata kuma, waɗanda su ne suka fi cika layi ranar zaɓe, ba umarnin mazajensu kaɗai suke bi ba kamar yadda baƙo zai ɗauka. Maganar uwar adashi da ta ungozoma tana da nauyi a cikin gidaje fiye da yadda 'yan siyasa maza suke zato.

2003 zuwa 2015: shekarun jira da zaɓen sak

Buhari ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 2003 da 2007 a jam'iyyar ANPP, sannan a 2011 a CPC. A duk tsawon wannan lokaci PDP ce take riƙe da Jihar Katsina, daga Umaru Musa 'Yar'adua wanda ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007, zuwa Ibrahim Shehu Shema wanda ya gaje shi har 2015. Mutanen garin sun bayyana wa kansu rashin kwalbatin cikin sauƙi: sun ɗauka cewa an ƙyale su ne saboda suna bin ɗan adawa, kuma ranar da nasu ya hau, lamarin zai warware da kansa. Saboda haka ba a kai koke a rubuce ko'ina ba a waɗannan shekaru.

A ranar 28 ga Maris 2015 Buhari ya lashe zaɓe a jam'iyyar APC, a ranar 11 ga Afrilu kuma Aminu Bello Masari ya zama zaɓaɓɓen gwamna. Garin ya yi sak, wato ya dangwala wa jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa, a duk takardun ƙuri'a biyar. Mafi yawan waɗanda suka dangwala wa ɗan takarar majalisar jiha da na majalisar wakilai ba su taɓa ganin fuskokinsu ba sai a fosta, kuma babu wanda ya ga aibin hakan, domin abin da aka yi imani da shi shi ne cewa shugaba mai gaskiya yana buƙatar 'yan majalisa na jam'iyyarsa don aiki ya tafi. Wannan shi ne yunƙuri na farko, wato a ba jam'iyya amana gaba ɗaya a jira sakamako. Damina huɗu suka wuce, mashigin yana nan yadda yake.

2019: tawagar dattawa da alkawarin baki

Gabanin zaɓen 2019, wanda aka ɗage daga 16 zuwa 23 ga Fabrairu, dattawan garin sun haɗa tawaga suka je gidan ɗan takarar majalisar jiha. An karɓe su da girmamawa, an ciyar da su, an ba su kuɗin mota, ɗan takarar kuma ya ce kwalbatin yana cikin ayyukan farko da zai sa a gaba. Tawagar ba ta nemi lokaci ba, ba ta tambayi ta wace hanya kuɗin aikin zai fito ba, ba ta kuma rubuta komai ba, saboda a ganin dattawan neman rubutu daga wanda ya yi maka alkawari a gaban manya zargi ne gare shi. Kafin su bar zauren sun riga sun shaida masa cewa akwatunan garin biyu nasa ne.

A gefe guda kuma wasu malaman makaranta da ɗalibai sun riƙa yaɗa kiran da ake ji a gidajen rediyo a lokacin, cewa mutane su karɓi kuɗin ɗan siyasa su zaɓi ra'ayinsu. Wannan kira bai yi tasiri ba, kuma ya kamata a tsaya a ga dalili. A daren jajibirin zaɓe jagoran jam'iyya yakan aika yaransa gida-gida da takarda mai ɗauke da sunayen matan aure, a ba kowace ƙullin taliya da sabulu da sinadarin ɗanɗano, wani lokaci da turmin atamfa ga wadda take da faɗa a ji. Ana miƙa kayan ne ta hannun maƙwabciya ko 'yar uwa, ba baƙo ba, kuma a wasu gidajen ana neman mace ta ce ta yi alkawari tsakaninta da Allah. Ga waɗannan mata, karɓar abu sannan a saɓa wa mai shi cin amana ne, ba wayo ba. Uwar adashi ta taƙaita matsayinsu da karin maganar da kowa ya sani, cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Masu wa'azin sun ɗauka jahilci ko kwaɗayi suke yaƙa, alhali kuwa suna neman mutane ne su karya wata ƙa'ida ta mutunci da suka tashi a kanta.

Garin ya sake yin sak a ranar 23 ga Fabrairu da ranar 9 ga Maris. Bayan rantsuwa dattawa sun koma sau da dama, ana ce musu mai gidan yana Katsina ko yana Abuja.

2019 zuwa 2022: barazanar ƙaurace wa zaɓe

A watan Agusta 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, kuma ba a fara buɗe wasu daga cikinsu ba sai a Disamba 2020. Ga garin da yake cin abinci daga kan iyaka wannan ya taɓa aljihun kowa: 'yan acaɓa suka rasa fasinja, ƙananan 'yan kasuwa suka karye, farashin shinkafa ya tashi. A nan ne ra'ayin matasa ya fara rabuwa da na iyayensu. Dattawa suna cewa shugaba yana gyara ne kuma gyara sai da haƙuri, matasa kuma suna cewa ba su ga abin da kusanci da garin shugaban ƙasa ya amfana musu ba, ko da yake suna ganin ayyukan tarayya suna tashi a cikin birnin Daura, kamar kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da jami'ar sufuri.

Matasan sun kafa ƙungiya suka yanke shawarar cewa idan babu kwalbati babu zaɓe. Lokacin da hukumar zaɓe ta INEC ta buɗe rajistar masu zaɓe daga ƙarshen Yuni 2021 zuwa ƙarshen Yuli 2022, da yawa daga cikin waɗanda suka cika shekara goma sha takwas sun ƙi zuwa, wasu kuma da katinsu ya ɓata suka ƙi neman sabo. Barazanar ba ta girgiza kowa ba. Jagoran jam'iyya ya ci gaba da kai rahoton cewa akwatunan garin suna hannu, kuma gaskiya ya faɗa, domin waɗanda suka rage da kati su ne masu biyayya. A tsakiyar 2022 aka yi zaɓukan fid da gwani, daliget suka zaɓi 'yan takara, babu wanda ya tuntuɓi garin. Sai a makonnin ƙarshe na rajistar ne wani malamin firamare mai ritaya ya shawo kan shugabannin ƙungiyar, aka yi hayar mota ana kai matasa ofishin hukumar zaɓe na ƙaramar hukuma. An ceto wani ɓangare, amma wasu sun rasa damar zaɓen 2023 gaba ɗaya.

Ƙarshen 2022: abin da aka sauya

Bayan an ɗauke amfanin gona aka kafa ƙaramin kwamiti wanda ya haɗa malamin mai ritaya da na'ibin limami da wakilan matasa biyu da uwar adashi da ungozoma. Dagaci ya sa albarka amma bai shiga ba, saboda matsayinsa na uban kowa. Shigar da matan biyu ya jawo gardama a majalisar dattawa, sai dai na'ibin ya tsaya a kan cewa su ne suke riƙe da fiye da rabin layin zaɓe, kuma su ne suke kwana a bakin ruwa da masu naƙuda.

Aikin farko da kwamitin ya yi shi ne bayani. A ajin makarantar firamare, bayan la'asar, malamin yakan zana akwatuna biyar a kan allo, uku na ranar farko, wato shugaban ƙasa da sanata da ɗan majalisar wakilai, biyu kuma na rana ta biyu, wato gwamna da ɗan majalisar jiha. A ƙarƙashin kowane akwati yakan rubuta abin da mai kujerar yake da iko a kansa, sannan ya tambayi mahalarta su nuna wanda hanyar ƙauye ta fi shafa. Da yawa sun yi mamakin jin cewa hanyoyin karkara suna wuyan ƙaramar hukuma da gwamnatin jiha, cewa ɗan majalisar jiha ba shi yake ba da kwangila ba amma yana da baki a kasafin kuɗin jiha, kuma ɗan majalisar wakilai yana iya sa ƙaramin aiki irin wannan cikin ayyukan mazaɓa. Uwar adashi da ungozoma suka ɗauki bayanin zuwa cikin gidaje, suna amfani da hotunan alamomin jam'iyyu ga waɗanda ba su iya karatun boko ba.

Aiki na biyu shi ne taƙaita buƙata. An ajiye maganar rijiya da asibiti da taki, aka tsaya a kan kwalbati kaɗai. Wani magini ɗan garin da yake aiki a Katsina ya auna faɗin mashigin da zurfinsa, ya lissafa buhunan siminti da rodi da tifofin tsakuwa, aka rubuta a takarda ɗaya da Hausa, aka haɗa da hotunan da matasa suka ɗauka da waya a daminar da ta gabata.

Aiki na uku, wanda ya fi kowanne wuya, shi ne hana kowa yin alkawari da sunan gari. An gayyaci 'yan takarar majalisar jiha da na wakilai na manyan jam'iyyu, kowa da ranarsa, aka yi musu tambayoyi iri ɗaya: ta wace hanya aikin zai fito, a wace shekara, kuma wa za a riƙa tuntuɓa idan mai girma ba ya nan. Wasu sun zo da kansu, wasu sun aiko wakilai, ɗaya kuma bai amsa gayyatar ba. A ɗaya daga cikin zaman ungozomar, wadda ta haura shekara sittin, ta ce wa ɗan takarar: "Ɗana, ba mu ce ka rantse ba, ka faɗa mana wata da shekara kawai, malam zai rubuta." An rubuta amsar kowa a littafi, aka karanta a bainar jama'a bayan sallar Juma'a ba tare da an ce ga wanda za a zaɓa ba.

Game da kayan rabo, kwamitin bai yi wa'azi ba. Shawarar da matan suka kawo ita aka ɗauka, cewa wadda za ta karɓa ta faɗa wa mai kawowa tun a bakin ƙofa cewa ba ta yi alkawari ba, idan ya ga dama ya bari, idan bai ga dama ba ya koma da kayansa. Wannan ya raba kyauta da amana, ya kuma sauke nauyin da yake zukatan mutane.

25 ga Fabrairu da 18 ga Maris 2023

Zaɓen ya zo cikin yanayi na musamman. Buhari ba ya kan takardar ƙuri'a karo na farko cikin shekara ashirin. Sauya fasalin naira da Babban Bankin Najeriya ya yi ya jawo ƙarancin takardun kuɗi a duk ƙasa, har jagoran jam'iyya ya koma karɓar lambobin asusu yana alkawarin tiransifa, wanda da yawa ba su gani ba. An kuma yi amfani da na'urar BVAS wajen tantance masu zaɓe, abin da ya sa mutane suka ƙara yarda cewa abin da aka dangwala shi za a ƙirga.

Takardun sakamakon da aka manna a rumfunan biyu sun nuna cewa ƙuri'ar garin ta rabu. A zaɓen shugaban ƙasa dattawa da yawa sun tsaya da jam'iyyar da suka saba, matasa kuma suka karkata wani wajen. A zaɓen majalisar jiha, ɗan takarar da ya zo da kansa ya faɗi shekara ya ci rumfar makaranta, wanda ya aiko wakili kuma ya ci ta ƙofar dagaci da 'yar ƙaramar tazara. Ba garin kaɗai ya yi haka ba. A faɗin jihar, Atiku Abubakar na PDP ya zarce Bola Tinubu na APC da tazarar da ba ta kai ƙuri'a dubu bakwai ba, alhali a wannan ranar APC ta lashe kujerun sanata uku na jihar, kuma bayan mako uku Dikko Umaru Raɗɗa na APC ya ci zaɓen gwamna da tazarar da ta haura dubu ɗari uku.

Wanda ya lashe kujerar majalisar jiha a mazaɓar baki ɗaya shi ne wanda ya aiko wakili, ba wanda ya zo da kansa ba. Dattawa sun shiga damuwa, suna cewa garin ya jawo wa kansa fushin mai mulki.

Bayan zaɓe: 2023 zuwa 2025

Kwamitin bai watse ba. Bayan Sallah ƙarama ya je taya sabon ɗan majalisar murna, ya miƙa masa kwafin takardar magini tare da abin da wakilinsa ya faɗa kamar yadda aka rubuta a littafi. Daga nan aka ɗora wa matasa biyu alhakin zuwa ofishinsa na mazaɓa da sakatariyar ƙaramar hukuma sau ɗaya a kowane wata, ba don faɗa ba, don tambayar inda takarda ta kwana. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 ya sa farashin siminti da sufuri ya tashi, har lissafin magini ya zama tsohon yayi, aka sake sabo. Daminar 2023 ta wuce ba a yi komai ba.

Da ranin 2024 ɗan takarar da ya faɗi, wanda yake da niyyar sake tsayawa, ya aiko masu gyara suka tayar da rijiyar burtsatse, duk da cewa ba a roƙe shi ba. Ba a yi wata biyu ba aka ga tifa ta sauke tsakuwa a bakin mashigi. An kammala kwalbatin kafin ruwa ya sauka, sai dai ya fi wanda magini ya zana ƙanƙanta, kuma ba a zuba burji a gefensa yadda ya kamata ba, saboda haka a mamakon ruwan Agusta gefe ɗaya ya zaizaye, mutanen gari suka cike shi da aikin gayya. Tun daga lokacin hanyar ba ta sake yankewa na yini guda ba, ko da yake babbar mota mai kaya har yanzu tana shakkar hawa.

Sharhi

Yunƙurin farko da na biyu sun faɗi ne saboda dalili ɗaya: an miƙa ƙuri'a kafin a nemi komai, kuma ɗan siyasar da ya tabbata akwati nasa ne yakan kai ƙarfinsa inda yake da shakku. Ba lallai mugunta ce ba, lissafi ne na mai mazaɓa mai garuruwa da yawa da kuɗi kaɗan. Ƙaurace wa zaɓe ya faɗi ta ɗaya gefen, domin wanda ba shi da kati ba ya cikin lissafin kowa. Kiran a ci kuɗi a zaɓi ra'ayi kuma ya faɗi saboda masu yin sa ba su girmama dalilin da ya sa mutane suke cika alkawari ba, kuma a ganina wannan raini shi ne babban kuskuren masu wayar da kai a karkarar Arewa.

Abin da ya yi aiki haɗuwar abubuwa ne: ƙuri'a tana nan amma ba a san inda za ta faɗa ba, buƙata ɗaya ce mai awo da farashi, an san kujerar da ta shafa, an shigar da matan da suke riƙe da layi, an kuma ci gaba da bibiya bayan an rantsar. Dole ne kuma a ba yanayi haƙƙinsa. Da Buhari yana kan takardar ƙuri'a, da wuya dattawa su yarda a karanta littafin alkawura ba tare da an ce a yi sak ba, kuma da kuɗi suna yawo kamar yadda aka saba, da matsayin matan ya fuskanci jarrabawa mai tsanani. Ba za a iya rantsuwa cewa kwamitin kaɗai ya kawo kwalbatin ba, domin gasar da gyaran rijiya ta tayar tsakanin 'yan siyasar biyu ta taka rawa, amma ita kanta gasar ba za ta taso ba da garin bai raba ƙuri'arsa ba.

Tsarin yana da rauni a wurare biyu. Har yanzu garin ba shi da baki a zaɓen fid da gwani, inda ake yanke waɗanda za su bayyana a takardar ƙuri'a. Sannan ɗaya daga cikin wakilan matasa ya karɓi muƙami a jam'iyya, kwamitin kuma bai riga ya tsayar da ƙa'ida kan ko mai muƙami zai ci gaba da zama a cikinsa ba. Rasuwar Buhari a ranar 13 ga Yuli 2025 ta bar dattawan garin ba tare da sunan da suka auna kowane ɗan takara da shi ba fiye da shekara ashirin, kuma 'yan siyasa daga ɓangarori daban-daban sun fara zuwa gaisuwa da wuri. Kwamitin ya riga ya zaɓi buƙatarsa ta 2027, wato zuba burji daga kwalbatin zuwa titin kwalta, magini kuma ya fara awo.